Mako Guda a Kan Keke a Bakin Kogin Loire: Yadda Ake Shirya Tafiyar

Wata Litinin, wajen ƙarfe biyu da rabi na rana, na ci birki a tsakiyar wani ƙauye tsakanin Blois da Amboise. Gorata ba ko ɗigon ruwa, jakata ba ko gutsuren burodi. Gidan burodi a garƙame, ɗan kantin ƙauyen a garƙame, gidan abinci ɗaya tilo da ke wurin kuma sun kife kujeru a kan tebura. Ƙafata ƙalau, keke ƙalau, amma yunwa ta sa na zauna a gindin coci ina kallon tattabaru. A ranar na gane cewa wahalar yawon keke a karkarar Faransa ba ta cinya ba ce. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke zuwa makaranta ko gona zai iya. Abin da ke kayar da baƙo shi ne rashin sanin lokacin da ƙauye ke buɗewa da lokacin da yake rufewa, don haka a nan zan fi daɗewa.

Jagorar ta fi amfanar ɗalibai da ma'aikatanmu da ke zaune a Turai, da wanda ya zo ziyara yana da mako guda a hannu.

Mataki na farko: zaɓen hanya

Faransa tana da dogayen hanyoyin keke da yawa. Akwai Vélodyssée da ke bin gaɓar Tekun Atlantika daga Roscoff zuwa Hendaye, sama da kilomita 1,200. Akwai ViaRhôna mai kilomita 815, daga Tafkin Janeba zuwa Bahar Rum. Akwai Véloscénie daga Paris zuwa Mont-Saint-Michel, kimanin kilomita 450. Duk suna da kyau, amma ga mai farawa ban ga kamar La Loire à Vélo ba.

Loire, wanda ake furtawa Luwar, shi ne kogi mafi tsawo a Faransa, ya ɗan haura kilomita 1,000. Hanyar keken da ke binsa tana da kimanin kilomita 900, daga Cuffy kusa da Nevers har Saint-Brevin-les-Pins a bakin teku, kuma yanki ce ta EuroVelo 6, doguwar hanyar keken Turai da ke ƙarewa a Baƙin Teku. Dalilina uku ne. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, hawa kaɗan ne. Layin dogo yana bin kwarin, in ka gaji ko ruwa ya tsuge sai ka hau jirgi. Sannan garuruwa ba su da nisa da juna.

Kada ka ce sai ka cinye 900 ɗin. Ɗauki tsakiya, daga Orléans zuwa Angers, wajen kilomita 300. Wannan yankin yana cikin inda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihin duniya a 2000, wato daga Sully-sur-Loire zuwa Chalonnes-sur-Loire.

Masu yawon keke suna da tsohuwar gardama kan ta ina za a fara. Iskar kwarin ta fi busowa daga yamma, saboda haka wanda ya taso daga Angers ya nufi gabas tana tura shi ta baya. Wanda ya bi kogi zuwa yamma kuma yana fuskantar ta, gangaren da yake fata kuwa ba ya ko jin sa. Duk da haka ni daga Orléans nake farawa, don ta fi kusa da Paris, kuma ina son ganin kogin yana ƙara faɗi kullum. In kana jin ƙarfinka bai kai ba, juya jerin da ke ƙasa, ka bar iska ta yi maka aiki.

Mataki na biyu: wata da takardu

Mayu, Yuni da Satumba su ne watannin. Yuli da Agusta lokacin hutun ƙasar ne, masauki yana cika yana tsada, kuma a kan yi zafin da suke kira canicule. Kada ka raina shi don kana ɗan Sakkwato, domin yawancin ɗakunan ƙauye ba su da na'urar sanyaya ɗaki, kuma kan tudun kogi babu inuwa. Safiyar Mayu kuma tana da sanyin da ya fi na hunturunmu cizo.

Mai zuwa daga Najeriya yana buƙatar bizar Schengen ta gajeren zama, wadda ke ba da kwana 90 cikin 180. Ana cike ta a shafin France-Visas, kuɗinta Yuro 90 ga babba tun Yunin 2024, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya mai ɗaukar nauyin aƙalla Yuro 30,000. Za su nemi shaidar masauki, don haka ka kama ɗakunan kwanakin tun kafin ka miƙa takardu, irin waɗanda ake iya sokewa ba asara. Mai katin zama a wata ƙasar Schengen ba ruwansa da wannan, ya dai riƙe fasfo da katin a jikinsa.

Mataki na uku: keke da kaya

Kada ka ɗauko keke a jirgin sama saboda mako guda. Yi haya. A Orléans da Blois da Tours da Saumur akwai masu ba da haya, wasunsu kuma suna yarda ka karɓa a wani gari ka ajiye a wani, da ƙarin kuɗi. Sunan keken da za ka nema VTC, wato mai bin kwalta da burji. In akwai ciwon gwiwa ko shekaru sun ja, nemi VAE, mai batir da ke taimaka wa feda.

Kafin ka bar shagon, hau ka zagaya. Daidaita sirdi yadda in feda ta kai ƙasa gwiwarka za ta kusa miƙewa. Sirdin da ya yi ƙasa shi ke kawo ciwon gwiwa a rana ta uku. Gwada birki biyun, ka canza giya daga farko har ƙarshe ka ji ko sarƙa tana tsalle. Duba bawul ɗin taya, domin iri biyu ne, siriri da mai kauri, ka tabbatar famfon da aka ba ka ya dace da shi.

A can babu mai faci a gindin bishiya. In taya ta sace a tsakiyar gonar inabi, kai ne mai facin. Ka riƙe tif biyu, da faci da sholisho, da robobin ɓanɓare taya, da ƙaramin makullin kusoshi. In ba ka taɓa cire tayar baya ba, ce wa mai shago ya nuna maka, minti biyar ne. Kuma kafin ka sa sabon tif, bi cikin tayar da yatsa a hankali ka ciro ƙayar, in ba haka ba za ka sake zama bayan kilomita ɗaya.

Kaya a jakunkuna biyu da ake ratayawa a kariya, ba a gadon baya ba. Riga uku, wando mai soso a ciki, rigar ruwa, rigar sanyi ɗaya, gora biyu, ɗan ƙaramin abin sallah, da kwaɗon ƙarfe mai siffar U. Kwaɗo mai igiyar waya ba ya hana ɓarawon birni komai. Kayan da suka wuce kilo goma sha biyu kai za su hukunta.

Mataki na huɗu: kai keke bakin hanya

Daga tashar Austerlitz a Paris jirgi yana kai ka Orléans cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna. Jiragen yanki da ake kira TER suna ɗaukar keke a haɗe, nemi taragon da aka zana keke a ƙofarsa. A lokacin zafi wasu layuka suna neman a kama wa keke gurbi tun da wuri, don haka duba manhajar kamfanin jiragen ƙasa, SNCF Connect, kwana biyu kafin tafiya. A wannan lokacin ne kuma ake sa jirgi mai tarago na musamman don kekuna tsakanin Orléans da Le Croisic, yana tsayawa a manyan tashoshin kwarin. TGV, jirgin ƙasa mai gudu, daban ne: ko dai ka kwance keken ka sa a jaka, ko ka biya Yuro 10 na gurbi a jiragen da ke da shi, kuma guraben 'yan kaɗan ne.

Mataki na biyar: dokar hanya

Hannun dama ake bi, kamar gida. Allunan hanyar keke farare ne da koren rubutu da hoton mai keke. Inda aka rubuta voie verte mota ba ta shiga, amma akwai masu tafiya da ƙafa da yara, sai a kaɗa ƙararrawa tun daga nesa.

Doka ta wajabta fitila gaba da baya da ƙararrawa. Hular kwano dole ce ga yaro ɗan ƙasa da shekara 12 tun 2017, babba kuma ya sa don kansa. A wajen gari da dare, ko in hazo ya rufe, dole a sa rigar nan mai ƙyalli. Sa abin sauraro a kunne ko riƙe waya ana tuƙi laifi ne, tararsa Yuro 135. Mota kuma an ɗora mata ta bar maka mita ɗaya a gari, mita ɗaya da rabi a waje, kuma a ƙauyukan Loire yawanci suna bari.

Dokar da ta fi ruɗa baƙo ita ce priorité à droite. A mararrabar da ba ta da allo ko layi, wanda ya fito daga damanka shi ke da hanya, ko da daga ɗan lungu ya ɓullo kai kuma kana kan babban titi. A cikin ƙauyuka ka riƙa sassautawa a kowace kusurwa. Lambar gaggawa 112 ce.

Kogin kuma kallo kawai. Yashinsa yana da kyau kamar na rafin gida da rani, amma ƙarƙashinsa rami ne, yana zaftarewa da mutum. A Yulin 1969 yara 19 suka nutse a Juigné-sur-Loire. Wanka a cikinsa haramun ne a yawancin wurare.

Mataki na shida: ci, sha da sallah

Ga agogon ƙauyen. Gidan burodi, boulangerie, yana buɗewa wajen bakwai na safe, ya rufe wajen ɗaya, wani ya sake buɗewa da la'asar. Gidajen abinci suna ba da na rana daga sha biyu zuwa biyu, na dare daga bakwai ko bakwai da rabi. Tsakanin nan ko kana da kuɗi cike da aljihu ba za a kunna maka murhu ba. Lahadi da rana kusan komai yana rufewa, ƙananan shaguna da yawa kuma suna ƙarawa da Litinin. Ranakun 14 ga Yuli da 15 ga Agusta hutu ne.

Maganinsa ɗaya: sayi abincin rana da safe, kafin ka bar garin da ka kwana. Burodin baguette, cuku, tumatir, ayaba, gwangwanin kifi, dabino. Ranar Asabar da yamma ka sayi na kwana biyu. In ka dace da ranar kasuwar gari, tsaya, a nan ne za ka samu cukun akuya na yankin. Sainte-Maure-de-Touraine dogo ne da tsinken kara a tsakiyarsa, Selles-sur-Cher kuma an shafa masa toka. Da shi da burodi mai ɗumi a bakin kogi, ba ka da sauran buƙata.

Ruwan famfo ana sha. A gidan abinci ka ce une carafe d'eau, kyauta ne. A hanya, in gora ta ƙare, nufi maƙabartar ƙauye. Kusan kowace tana da famfo daga bakin ƙofa don masu ba furanni ruwa, kuma masu keke sun daɗe da sanin wannan. Duba dai ko an rubuta eau non potable, wato ba na sha ba. A waccan Litinin ɗin wani dattijo mai yawo da kare ne ya nuna mini, bai ce komai ba, sai ya miƙa sanda zuwa katangar.

Musulmi sai ya buɗe ido, domin abincin gadon wannan yanki alade ne da giyar inabi. Haddace kalmomin nan: porc, jambon, lardons, saucisson, rillettes, rillons. Rillettes na Tours, wanda za a yi ta yaba maka, naman alade ne da aka dafa cikin kitsensa. Lardons kuma suna ɓuya a cikin salak da wainar ƙwai da quiche, wani gasasshen abincin ƙwai da fulawa. Miya da yawa da giya ake haɗa ta, sai ka tambaya: sans porc, sans alcool? Mahautan halal da shagunan kebab suna nan a Orléans, Blois, Tours, Saumur da Angers, galibi ba nisa da tasha. A ƙauye ka tsaya ga kifi, ƙwai da cuku. Kuma duk shagon da ka shiga, fara da bonjour kafin ka buɗe baki da wata buƙata. Matsayinta matsayin sallama ne, wanda ya tsallake ta zai ga fuska ta canza.

Lokutan sallah a Yuni suna ba sabon zuwa mamaki. Azahar sai wajen biyu, rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare, isha ta kai sha ɗaya da wani abu, asuba kuma wajen huɗu, gwargwadon lissafin da masallaci ke bi. Wanda zai tuƙa kilomita hamsin gobe ba zai iya jiran duk wannan kullum ba, sauƙin da aka yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗawa a nan yake amfani. Alƙibla tana kudu maso gabas, ta fi karkata gabas. Manyan garuruwan suna da masallatai, don haka ka tsara Juma'a ta same ka a Tours ko Angers.

Mataki na bakwai: wurin kwana

Nemi tambarin Accueil Vélo. Masauki mai shi yana cikin kilomita biyar daga hanyar, yana da wurin kulle keke da kayan gyara. Mafi araha filin tanti ne na ƙaramar hukuma, camping municipal, mai banɗaki da ruwan zafi. Mafi daɗi chambre d'hôtes, ɗaki a gidan mutane har da karin kumallo. Gaya musu lokacin isowarka, domin ba otal ba ne mai ma'aikaci a zaune yana jira. Kafa tanti a bakin kogi ko kusa da gidajen tarihi kan gaban kanka yana iya jawo tara.

Mataki na takwas: raba kwanakin

Da kaya, lissafa kilomita 15 a sa'a. Arba'in zuwa hamsin a rana sun isa, ka tashi takwas ka sauka kafin huɗu.

Rana ta ɗaya, Orléans zuwa Beaugency, wajen kilomita 30. Da gangan na gajarta ta, don jiki ya saba da sirdi. Orléans ita ce garin da jarumar Faransa Jeanne d'Arc ta karya wa ƙawanyar Ingilishi a 1429. Yawancin tafiyar a kan levée ake yin ta, wato tudun ƙasa da aka gina don tare ambaliya. A jikin gadoji da tsofaffin gidaje za ka ga an tsaga layi an rubuta 1846, 1856, 1866, iyakar inda ruwa ya kai ke nan a manyan ambaliyoyin nan uku, wani layin ya fi kanka tsawo.

Rana ta biyu, zuwa Blois ta Chambord, kusan 45. Za ka wuce hasumiyoyin tashar nukiliya ta Saint-Laurent suna fitar da tururi. Ɗan Nijar zai dube su da wani ido, tunda yuraniyom ɗin Arlit ya shafe shekaru yana cikin abin da ke ciyar da tashoshin ƙasar. Daga nan ka shiga daji ka ɓullo gaban Chambord, fadar da Sarki François na Ɗaya ya fara ginawa a 1519. Ɗakunanta sun haura 400, katangar dajinta kilomita 32. Hau matakalar tsakiya mai murɗa biyu, inda mai hawa da mai sauka ke hango juna ba sa haɗuwa, ka fita rufin ka ga dajin bututun hayaƙi.

Rana ta uku, Blois zuwa Amboise, arba'in da 'yan kai, ta Chaumont mai bikin lambuna. A Amboise ne gidan Clos Lucé, inda shahararren mai zanen nan ɗan Italiya, Leonardo da Vinci, ya rasu a 1519.

Rana ta huɗu ka bar jakunkuna a masauki ka je Chenonceau ka dawo, kimanin 15 kowane ɓangare, da ɗan hawa. In fada ɗaya kawai za ka biya kuɗin shiga, ni wannan zan ce. An gina ta a kan kogin Cher kamar gada. Dogon zaurenta ya zama asibiti a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A na Biyu kuma ƙofarta ɗaya tana yankin da Jamus ta mamaye, ɗayar tana ɓangaren da ba a mamaye ba, mutane suka riƙa tsallakewa ta ciki. Shawarata kada ka shiga fiye da fada ɗaya a rana, bayan ta uku duk gadajen sarakunan kama suke yi.

Rana ta biyar, Amboise zuwa Tours zuwa Villandry, wajen 50. Lambun Villandry kabeji ne da salak da albasa aka shuka kamar zanen hula. Rana ta shida ita ce mai tsawo, kusan 60 in ka miƙe: Bréhémont, Rigny-Ussé, sai Candes-Saint-Martin inda kogin Vienne ke zuba cikin Loire, sannan Saumur. Mai sauran ƙarfi ya ratse daga Montsoreau ya hau zuwa Fontevraud, inda kabarin Sarki Henri na Biyu na Ingila yake da na matarsa Aliénor. Kafin Saumur hanya tana bi ta gindin farin dutsen da aka sassaƙo aka gina fadojin. Kogunan da aka bari mutane sun mai da su gidaje da gonakin naman kaza, ciki da sanyi kamar randa.

Rana ta bakwai, Saumur zuwa Angers, hamsin da ɗoriya. A nan kogin ya buɗe sosai, da tsibiran yashi da kwalekwalen katako masu shimfiɗaɗɗen gindi da ake kira toue. Angers ba a bakin Loire take ba, a kan kogin Maine take, don haka ka kula da allon da zai karkatar da kai arewa, in ka wuce shi sai ka tsinci kanka a hanyar Nantes. Tambayi mai haya tun ranar farko ƙarfe nawa wurin ajiyar keken ke rufewa a Angers, kuma ko yana buɗewa Lahadi. Daga tashar Saint-Laud, TGV yana mayar da kai Montparnasse a Paris cikin kimanin sa'a ɗaya da rabi.